Jabel a Rijiyar Liman

Sharfaddeen yana bakin titi a unguwar Albarika ta Parakou, yana ɗaure wa wata mata buhun doya a bayan motonsa, wato babur ɗinsa, wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce Sakinatu, daga gida. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Sharfa, ka zo ka ga aikinka."

"Wane aiki kuma, Yaya?"

"Rijiya mana. Tun ranar da kuka zuba abin nan naku babu wanda ya sake alwala da ruwanta. Baba ya ce bai halatta ba. Duk maza sun koma tafki."

Ya saki igiya, buhu ya zame ya faɗi ƙasa. Mai doya ta fara masifa da yarensu na Baatonum, shi ko jinta bai yi ba.

"Wane tafki? Na bayan gari? Inda shanu ke sha?"

"Muna da wani ne?"

"Har da Baba?"

"Shi ke gaba, su suna biye. Kuma jiya an kwashi mutum biyu daga unguwar ƙabilar Yom da ke ƙetaren tafkin, amai da zawo. In za ka zo ka zo, in ba za ka zo ba ka gaya mini in san ni kaɗai ce."

Ta kashe waya.

Sharfaddeen mutum ne da bai taɓa daɗewa a kan abu ɗaya ba. Ya bar lakwal, makarantar boko, tun bai gama firamare ba. Ya zauna gun tela ya gudu, ya koyi walda idonsa ya yi ciwo ya bari, ya yi tallar kayan waya a kasuwa, daga ƙarshe ya tsaya a kan zem, wato ɗaukar fasinja a moto, don shi kaɗai ne aikin da ba a ce masa ya zauna wuri ɗaya. Mahaifinsa, Malam Labbo, shi ne limamin Tungar Madugu, wani ɗan ƙauye a gefen Djougou da kakanninsu fataken goro suka kafa. Malam ya daɗe da daina tambayarsa me yake yi a Parakou.

A farkon daminar nan kwalara ta shiga ƙauyukan yankin, Sharfaddeen kuma ya je gida ganin dangi. Madam Mariatou, ma'aikaciyar jinya da ke kula da ƙauyukan, tana neman saurayi mai jin Faransanci da Hausa da Dendi ya zama idonta a garin. Ya ɗaga hannu kafin ta rufe baki. Aka ba shi riga mai tambari, aka koya masa yadda ake auna zurfin rijiya da yadda ake dama jabel, maganin nan mai kashe ƙwayar cuta a ruwa. A rayuwarsa ba a taɓa miƙa masa abu a ce ga shi, a hannunka yake ba, sai ranar. Da hantsi suka zuba maganin a rijiyar masallaci, wadda duk garin ke sha. Malam Labbo ba ya nan, ya tafi jana'iza wani ƙauye. Madam tana sauri, akwai wasu rijiyoyi a gaba. Sharfaddeen ya ce ba komai, shi zai gaya wa Baba. Bai jira ba. Da la'asar ya hau moto ya koma Parakou yana ji a ransa ya ceci gari.

Yanzu ga shi a kan hanyar Djougou, hadari a gabansa, yana zagin kowace babbar mota da ta watsa masa ruwan kwalta.

Ya iso ana shirin la'asar. Bai shiga gari ba, ya karya kai tsaye zuwa tafki. Abin da ya gani ya fi abin da aka gaya masa. Maza sun jeru a bakin ruwa, kowa ya naɗe hannun riga, wasu a tsugune a kan dutse, wasu sun cika buta sun koma gefe. Ruwan ja ne kamar an dama kunun kanwa, ga sawun shanu ya cika gaɓa, can ƙetare mata na wanki. Yana kallo Ousseini ladan ya kamfato ruwan da tafin hannu ya kai baki, ya kurkure, ya furzar, ya sake kamfatowa.

"Kawu Ousseini! Don Allah kada ku sa a baki!"

Ousseini ya ɗago, gemunsa na ɗiga. "A'a, ga dokta ya iso. Ku matsa wa dokta."

Aka yi dariya.

"Dokta ina allurarka?" in ji wani daga baya.

"A tankin moto take," wani ya amsa.

"Wallahi ba wasa ba ne," Sharfaddeen ya ce. "Cutar nan a ruwa take. A wannan ruwan take. Na rijiya shi ne mai lafiya yanzu."

"Mun ji," in ji Ousseini. "Muna sha ai. Matanmu na dafa abinci da shi, shayi ma sai ka ce an wanke riga a ciki, amma muna sha. Sha daban, salla daban. Kai da ba ka zauna ka yi karatu ba ina za ka sani?"

"To ku yi alwalar ban da kurkurar baki mana!"

"Ka ji shi. Yau kuma sunna zai rage mana."

Malam Labbo yana can ƙarshen layi, shi kaɗai, yana shafar kai. Ya gama, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ɗauki sandarsa. Ya bi ta gaban ɗansa kamar zai wuce, sannan ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. An kira salla."

Bayan salla Sharfaddeen ya same shi a zaure. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi ƙafa, ya tambayi damina. Haƙurinsa bai kai ƙarshen gaisuwar ba.

"Baba, maganar rijiya."

"Ina ji."

"Magani ne muka zuba. Ba ƙazanta ba ce. Shi ke kashe cutar."

"Ban ce ƙazanta ba ce. Wa ya ce maka na ce ƙazanta ce?" Malam ya jawo butar da ke gefensa ya miƙa masa. "Sunsuna."

Sharfaddeen ya sunsuna. Warin jabel ne, ba ya ɓuya.

"Haka ruwa yake wari?"

"A'a, amma..."

"Ruwan alwala shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suke yadda Allah ya saukar da shi. In wani abu daga waje ya shiga ya canja ɗaya daga ciki, ko zuma ce, ko turare ne, a sha shi, a yi girki da shi, amma ba ya ɗauke hadasi. Ba ni na ƙirƙiro ba. Haka na karanta a gaban malamina, haka shi ma ya karanta."

"Baba, na tafki fa? Ja wur yake! Wannan bai canja ba?"

"Ƙasar da yake kwance a kai ce ta canja shi. Wannan an yafe."

"Shanu na fitsari a ciki!"

"Dabbar da ake cin namanta, fitsarinta ba najasa ba ne."

Sharfaddeen ya ji kamar ya buga kansa a bango. Duk ƙofar da ya nufa sai ya tarar tsohon ya riga shi ya rufe, kuma cikin natsuwa, ba ɗaga murya.

"Za ku mutu, Baba. Ku da duk wanda ke binku."

"Kowa zai mutu. Ni abin da aka ɗora mini shi ne kada in tsaya gaban mutane in ja su salla da alwalar da na san ba ta yi ba. In kai an ɗora maka wani abu, je ka yi."

Ya ɗauki carbinsa. Maganar ta ƙare ke nan.

A tsakar gida Sakinatu tana kirɓa sakwara. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke riƙe da tsohon. Ta dubi fuskar ƙanenta ta ci gaba da daka.

"Ka gaya masa zai mutu, ko?"

"To ƙarya na yi?"

"Kai dai bakinka ya fi motonka gudu."

Washegari ya tafi santar, ƙaramin asibitin da Madam Mariatou ke aiki a hanyar Djougou. An kafa rumfar tamfol a bayan ginin, marasa lafiya kwance a kan gadaje masu rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashin kowane. Ya same ta tana ɗaura wa wata tsohuwa ƙarin ruwa. Idanunta sun faɗa, da gani ta kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba. Ya ba ta labari a tsaye.

"Attends, attends, tsaya tukuna," ta ce. "Suna shan na rijiya, amma suna kurkure baki da na tafki?"

"Sau biyar a rana."

"Mais c'est pas possible! Ba zai yiwu ba! Ni ma ina salla, Sharfaddeen. Da ruwan famfo nake alwala, shi ma da magani a ciki."

"Ki zo ki gaya masa."

"In zo in bar wa waye waɗannan?" Ta nuna rumfar da haɓa. "Don me na ɗauke ka? Ɗan liman ne kai. Na ce wannan garin kam na huta, uban zai ji maganar ɗansa."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Madam, da kin tambayi ko akuyar garin da ta gaya miki."

"To nemi wanda yake jin maganarsa. Vite, maza maza. Tafkin nan ya riga ya ba ni mutum biyu, ba na son na uku."

Mutum ɗaya ya faɗo masa a rai. Malam Abdoul Karim na Djougou, wanda suka yi karatu a zaure ɗaya da mahaifinsa tun suna samari. Ya same shi a shagon ɗansa a bakin kasuwa, zaune a kan buzu tsakanin huhunan goro, ana yayyafa musu ruwa. Tsohon ya gane shi nan take.

"Ɗan Labbo! Wanda ba ya zama. Yau wace iska?"

Sharfaddeen ya zayyana komai. Malam Abdoul Karim ya saurara yana ɓare goro da farce.

"Ni dai da ruwan famfo nake alwala," ya ce. "Wani lokaci yana ɗan wari. Malamai da yawa sun sauƙaƙa, tunda don gyaran ruwan aka sa, kuma ba a iya raba mutanen birni da shi. Amma abin da ubanka ya faɗa yana cikin littafi, ba ƙarya ya yi ba."

"To Malam ku zo ku gaya masa. Ko ku ba ni saƙo."

"Ni ba ni ke limanci a Tungar Madugu ba. Kuma in na aika wa Labbo fatawa ta hannun ɗansa, ka san abin da zai yi da ita?" Ya ƙulla goro fari a ganye ya miƙa masa. "Ka kai masa wannan, ka ce ina gaisuwa, ka ce zan leƙo bayan Juma'a mu sha shayi. Maganar ruwa ka bar ta a nan. Ka ji ko? Ka bar ta a nan."

"Bayan Juma'a, Malam? Yau Litinin fa."

"Na san ranar da ake ciki."

Ya fito kasuwa ransa a dagule. Kowa na da dalilinsa, kowa na da lokacinsa, cutar ce kawai ba ta jiran Juma'a. Duk hanyar komawa yana maimaita wa kansa: goro da gaisuwa, goro da gaisuwa.

Ya iso ana fitowa daga azahar, jama'a cike a ƙofar masallaci. Ya ga wandunan mutane jiƙe da jar laka har gwiwa, ya ga na mahaifinsa ma haka. Goron yana aljihunsa. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Jama'a, daga Djougou nake! Malam Abdoul Karim da bakinsa ya ce da ruwan magani yake alwala! Ya ce malamai sun halatta!"

Babu wanda ya dube shi. Duk idanu suka koma kan Malam Labbo, wanda ke tsaye yana neman takalminsa da ƙafa. Ya sa ɗaya, ya sa ɗayan.

"Wanda yake so ya bi Abdoul Karim salla," ya ce a hankali, "ga hanyar Djougou nan. Akwai mai moto ma a kusa."

Ya wuce gida. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ousseini ne kawai ya tsaya, ya matso har Sharfaddeen na jin numfashinsa.

"Ka kai ƙarar ubanka gun abokinsa, ka dawo ka karanta masa hukunci a ƙofar masallacinsa. Ko akwai masu shakka a da, yau ka gama da su. Wa zai taɓa rijiyar nan yanzu a ce ya bi bayanka?"

Da la'asar layin bakin tafki ya fi na jiya tsawo. Har waɗanda Sakinatu ta ce suna alwala a ɓoye a gida da ruwan rijiya sun fito, don kada a ce sun juya wa liman baya.

Sharfaddeen ya yi niyyar komawa Parakou. Ya ɗaure jakarsa a moto, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Ya kwana biyu a gidan, uban bai ce masa ci kanka ba. In ya gaishe shi sai ya amsa wa bango. Shi kuma ya rasa abin yi, sai ya riƙa bin gida gida yana nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, suna karɓarsa da fara'a suna ba shi fura, mazansu na wucewa ta gefensa da buta a hannu.

Ranar Alhamis da safe Malam bai fito karatun hantsi ba. Sakinatu ce ta fito daga ɗakinsa da kwano a hannu, fuskarta ta canja.

"Sharfa. Tun asuba yake zagawa. Yanzu ya fara amai. Kamar ruwan shinkafa."

Ya shiga. Tsohon da jiya ya taka har tafki da ƙafarsa yana kwance a tabarma, ido ya zurma, leɓe ya bushe, fatar hannunsa ta yamushe kamar ya daɗe a ruwa. Sharfaddeen bai nemi izini ba. Ya ɗauke shi cak, ya yi mamakin rashin nauyinsa. Suka zaunar da shi a moto, Sakinatu ta cire mayafinta ta ɗaure uban a bayan ɗan, ta hau ta tallafe shi ta baya, robar ruwan gishiri a cinyarta. Hanya duk laka ce. Sharfaddeen, wanda ya saba keta tsakanin manyan motoci a unguwar Titirou ta Parakou ba ya ko duba madubi, yau tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai, yana jin kan mahaifinsa na bugun kafaɗarsa a kowane rami.

"Yana numfashi?"

"Tuƙa kawai."

"Yaya, yana numfashi?"

"Na ce ka tuƙa!"

Madam Mariatou na ganinsu ta kama hannun Malam. Ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ɗayan ta rasa, sai a ƙafa ta samu. Kafin azahar aka kawo Ousseini ladan a amalanke. Kafin magariba aka kawo wani manomi, Rashid, wanda ke tsayawa a sahun farko kullum. Shi an makara da shi. Bai kai safe ba.

Malam Labbo ya yi kwana uku tsakanin can da nan. A na huɗu ya buɗe ido sosai ya nemi dutsen taimama. Sharfaddeen ya fita ya samo masa, ya riƙe masa yana bugawa. Duk rumfar warin jabel take, gadaje, bokitai, hannun kowa. Da ya idar da sallarsa a kwance, ya daɗe yana kallon tamfol.

"An ce Rashid ya rasu."

"E, Baba."

Tsohon ya rufe ido, leɓensa na motsi. Can ya ce, "Abin nan naku. Warinsa yana fita, ko zama yake yi a ruwa har abada?"

Sharfaddeen ya dubi Madam, wadda ke canja wa Ousseini ledar ruwa a gado na gaba.

"Yana fita," ta ce. "In aka ɗebi ruwan aka ajiye ya kwana, da safe da wuya ka ji shi. Maganin ya riga ya gama aikinsa."

"To," in ji Malam. "Ruwan da abu mai tsarki ya canja, in canjin ya gushe, ya koma ruwa."

Sharfaddeen ya miƙe tsaye bai sani ba. "Baba, kun san da wannan? Tun farko kun sani?"

"Na san hukuncin. Ban san maganin ba. Ni na taɓa ganinsa?"

"Me ya hana ku tambaya?"

"In tambayi wa? Na dawo daga jana'iza na tarar rijiyar da kakana ya haƙa tana wari, aka ce ɗana ne da baƙi, kuma ya tafi. Da ka dawo, ka zo ka gaya mini zan mutu. Ka sake dawowa ka gaya mini Abdoul Karim ya fi ni sani. A cikin biyun wanne ne zama a yi shawara?"

"Mutum ya mutu, Baba!"

"Na sani. A bayana yake salla. Kana tsammani kai za ka tuna mini?"

Ya juya fuskarsa ga tamfol.

Sharfaddeen ya fita waje ya tsaya a bayan ginin. Yana so ya fasa wani abu. Tambaya ɗaya ce, gajeriya, wadda ko a waya ana iya yinta. Shi bai tsaya ba, Madam ba ta da lokaci, Baba ba zai sauke kai ya tambayi ɗan zem ba, Malam na Djougou yana jiran Juma'a. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin gaba ɗaya ya huta, ya rasa. Ya shuri wani tsohon bokiti, ya ji zafi a yatsa, ya sake shurinsa.

Da aka sallami Malam, Madam Mariatou ta zo Tungar Madugu da kanta. Ta yafa gyale, ta cire takalmi a ƙofar zaure, ta zauna ƙasa cikin dattawa. Gaisuwa kaɗai ta kusa cinye mata haƙuri, Sharfaddeen na ganin tana satar kallon agogo. Aka yi ta ja a kan yadda za a riƙa ajiye ruwan rijiya a randuna ya kwana don alwala. Malam ya ce a bar randuna a buɗe iska ta kwashe warin. Madam ta ce in aka bar su a buɗe ƙuda da hannun mutane za su mayar da cutar. Aka tsaya a kan farin ƙyalle mai tsabta a bakin kowace randa. Ta ce kada a tsoma buta a ciki, sai da moɗa mai dogon hannu, mutum ɗaya ke zubawa. Ousseini, wanda ya rame har hularsa na masa yawa, ya ce su da suka girma suna tsoma buta ba su mutu ba. Madam ta dube shi kawai. Ya gyara hula. Malam ya ce duk ranar da za a ƙara magani a rijiya sai an gaya masa tun jajibere. Ta ce motar da ke kawo maganin ba kullum take sanar da ita ba. Ya ce to ranar da ba ta sani ba, su wuce da abinsu. Ta ja dogon numfashi ta ce za ta yi ƙoƙari.

"Saura wa zai riƙa cika randunan," in ji wani dattijo. "Aiki ne na kowace yamma. Guga ba shi da sauƙi."

Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallon Sharfaddeen.

"Ni ina da aiki a Parakou," ya ce.

"Wane aiki?" in ji Ousseini. "Yawo?"

Ya dubi mahaifinsa. Tsohon yana jan carbi, idonsa a ƙasa, wuyansa ya zama siriri cikin riga. In randa ta kwana babu ruwa, da asuba zai ɗauki sandarsa ya nufi tafki, kuma gari zai bi shi. Sharfaddeen ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

Da yammar ya ja guga har tafin hannunsa ya yi kanta. Ya cika manyan randuna a inuwar masallaci, ya ɗaure musu ƙyalle. Abokin aikinsa ya kira daga Parakou yana tambaya yaushe zai dawo, fasinjojinsa na Albarika sun fara hawa na wasu. Ya ce bai sani ba, sai damina ta wuce, ko sai cutar ta wuce, oho.

Da gari ya fara haske mutane suka taru da butocinsu, amma babu wanda ya matso. Suka tsaya nesa kaɗan, rabi na kallon randuna, rabi na kallon hanyar tafki. Malam Labbo ya fito a hankali, Sakinatu ta rako shi har bakin ƙofa ta tsaya. Sharfaddeen ya kwance ƙyallen randar farko, ya ɗebo da moɗa. Tsohon ya kai hanci, ya daɗe, ya girgiza kai.

"Wannan da saura."

Sharfaddeen ya ji wani a baya ya fara jan takalmi. Ya buɗe ta biyu, ya ɗebo. Malam ya sunsuna. Ya sake sunsunawa. Ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ya miƙo butarsa.

Sharfaddeen ya cika ta. Tsohon ya tsuguna da ƙyar, ya wanke hannu, ya kai ruwan baki ya kurkure, ya furzar a ƙasa. Mutane suka fara matsowa suna miƙo butoci, ana ture juna, Ousseini na cewa a bi layi, shi kuma yana kutsawa gaba.

Malam ya gama, ya dafa sanda ya miƙe. Ya tsaya kusa da ɗansa, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Na yau ya yi. Waccan ta farko ka cika ta da yawa, ba ta sha iska ba. Gobe ka rage."

"To, Baba."

"Kuma gobe ma sai na sunsuna."

Ya shige masallaci. Sharfaddeen ya ci gaba da zuba ruwa, wani na cewa dokta ƙara mini, wani na cewa dokta ka jiƙa mini riga.